Tukunyar Gajiyayyu da Ƙadangarun Fada

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso mu ji, mun ba ta wuri.

To, ku gyara zama. Ni Jatau ɗan Barmo, mutumin Tudun Kanya, na yi yawo a ƙasashen da rana ke makara kafin ta fito, na sha ruwan kogunan da ba su da suna a bakin mutanenmu. Ba fatauci ne ya fitar da ni daga gida ba. Wata shekara damina ta yi mana rowa, rumbun gari ya yi ƙasa, dattawa suka zauna raba abin da ya rage, suka tashi ba mai gaida wani. Na ce a raina, lalle akwai ƙasar da aka san yadda ake tsuke hannu ba tare da an shaƙe mai rauni ba, kuma in tana nan sai na je na koyo. Na ɗauki sandata da gorata na fuskanci gabas.

Garin farko da na tarar suna cikin irin halinmu shi ne Birnin Almakashi. Su dokarsu mai sauƙi ce: in shekara ta yi tsanani, ana yanke kamu guda daga komai, ba babba ba yaro. Suna alfahari da wannan adalci ƙwarai. Na ga attajiri an rage masa kamu daga gindin babbar rigarsa, ya ce ma ta fi yi masa daɗin tafiya. Na ga talaka an rage kamu daga bantensa, ya shige bayan danga yana kiran matarsa ta miƙo masa tabarma. Da masu almakashi suka iso kaina, suka dube ni sama da ƙasa, babbansu ya ce, “Baƙo, kai ba ka da abin yanka. Wanda ba shi da abin yanka, a tsawonsa ake ragewa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a bar ni in sa hulata tukuna, kada in tsaya gaban hukuma kai ba hula.”

Na koma masauki na cusa wa hula ƙaiƙayi har ta miƙe kamar ɗan rumbu, na kifa ta na dawo. Suka auna kamu daga sama, suka datse, ƙaiƙayi ya zubo mini a ido. Kafin su gama gardama kan ko kan mutumin yamma haka yake ciki, na cika wandona da iska. Abin da ban sani ba shi ne, gadar garin ma an yi mata adalci. An cire mata kamu daga tsakiya. Ƙafata ta zurma, na ji ƙashi ya ce ƙas, sai ga ni cikin kogi.

Ruwa ya yi ta tafiya da ni ina rungume da wani kututture, har ya gaji ya tofar da ni a gefen wani gari da ake kira Zarangi. Garin yana kwance ne a gindin wani dutse mai santsi, baƙi wulik, wanda kansa ke cikin gajimare. Wata tsohuwa mai yanar ido ce ta yi tuntuɓe da ni, ta zo ɗiban ruwa da ɗan tulunta. Ta taɓa ni da sanda ta ce, “Gawa ko mai rai?”

Na ce, “Da saura, Goggo.”

Ta ce, “To rage nishi, ka tsorata mini kifi.”

Goggo Tabawa ke nan. Ta kira maƙwabta suka ɗauke ni zuwa ɗakinta, maɗori ya zo ya ɗaure ƙafa. Ba ta da miji, ba ta da ɗa a raye, hannunta ya daina iya kaɗi. Abin da ke riƙe da ita shi ne rabon gajiyayyu. Duk tsayuwar wata, jakunan fada sukan shigo unguwa, a auna wa kowane tsoho da makaho da gurgu da marainiya gero da ɗan mai da gishiri. Daga wannan rabo ta ciyar da ni har ƙashina ya haɗe. In ta tuƙa tuwo sai ta raba biyu da hannu, ta tura mini babban, ta ce, “Ci, ɗan nan. Ni cikina ya tsufa, ba ya son hayaniya.”

Ina fara takawa da sanda sai mai shela ya zaga gari. Ya ce kogi ya janye daga fadamu, rumbun hukuma bai cika ba, saboda haka bana za a yi Fasa Tukwane. Goggo ta ajiye muciya ta zauna a ƙasa.

Na ce, “Mene ne kuma Fasa Tukwane?”

Ta bayyana mini. A Zarangi, duk abin da hukuma ke ciyarwa yana da tukunyarsa a kan dutse. Akwai tukunyar masu gadin ganuwa, da ta masu gyaran rijiyoyi, da ta masu busa, da ta turaren fada, har da ta gajiyayyu. Muddin tukunyarka na tsaye, rabonka na fita daga rumbu. In shekara ta gaza, Magajiya mai mulkin garin takan hau da majalisarta, Ma'aji ya ɗauki taɓaryar ƙarfe. Duk tukunyar da aka tarar wani mai ci daga cikinta yana zaune kusa da ita, sai an saurare shi. Wadda aka tarar ba kowa, an ɗauka masu ita sun yafe, sai a fasa ta, rabonsu ya tsaya.

Na ɗaga kai na dubi dutsen. Na ce, “Goggo, wa zai hau wannan a cikinku?”

Ta ce, “Ni mana. In ka ara mini fukafukai.”

“To su manyan da me suke hawa?”

Ta ce in leƙa bayan fada in gani. Na je na leƙa. Wallahi ƙadangaru ne, kowanne ya kai raƙumi, jajayen kawuna, an ɗaura musu sirdi da linzami. Suna manne wa dutse su haura da mutum kamar ba komai. Na tsaya ina kallo ana zuba musu ƙwai da jiƙaƙƙen gero a kwamin itace. Abin da ɗaya ya lashe a gabana zai riƙe layin su Goggo kwana da kwanaki.

Washegari na nufi wurin Ma'aji Shekarau. Mutum ne mai fara'a, mai taushin murya, ya sa aka kawo mini fura. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, “Ranka ya daɗe, tukunyar gajiyayyu na zo yi wa magana.”

Ya dafa ƙirji. “Amana ce! Magajiya da bakinta ta ce ba ta son a taɓa ta. Ni ma uwata tsohuwa ce.”

“Alhamdu lillahi. Ke nan ba za a fasa ba.”

“In an tarar da mai zama kusa da ita, wa zai fasa?”

“Ranka ya daɗe, makafi ne da guragu.”

“Allah sarki. Abin tausayi.”

“To a ara musu ƙadangare guda.”

Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya yi wa tambayar wauta. “Baƙo, ƙadangare na mai sarauta ne. In na ɗora tsohuwa a kai na naɗa ta ke nan. Ka je wurin Sarkin Turare, shi ke da ƙadangaru biyu, ko zai san dabara.”

Na je. Sarkin Turare, wani mai tumbi da ake jin ƙamshinsa tun daga zaure, ya ce shi duk garin ba wanda ya kai shi son gajiyayyu, kuma in da za a bi ta tasa, tukunyar masu busa za a fasa, don sun hana shi barcin rana. Sarkin Busa ya ce gajiyayyu iyayensa ne, a fasa ta turare. Na bi gidajen manya har ƙafata ta kumbura. Ban sami ko mutum ɗaya da ya ce a fasa tukunyar gajiyayyu ba. Ban kuma sami ko ɗaya da zai matsa gefe a kan sirdinsa ba. Kowa ya ba ni fura da addu'a. Na dawo gida cikina ya cika da fura, zuciyata ta cika da wuta.

Goggo ta ce, “Sun ce me?”

Na ce, “Sun ce suna ƙaunarki.”

Ta ce, “Ka taho mini da ita a ƙwarya? In dafa.”

Na zauna ina huci. Can na dubi akushin da ke gabana, na ce, “Goggo, doka cewa ta yi mai ci daga tukunya. Watannin nan daga ina nake ci?”

Ta ce, “Ƙafarka ba ta gama warkewa ba.”

“Ta warke.”

“Ƙarya kake, ina jin yadda kake jan ta. In ka faɗo kada ka faɗo mini a kan rufin ɗaki, bana ba ni da ciyawar gyara.” Ta juya baya tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne.

Ranar Fasa Tukwane na kama dutse tun da sanyin safiya. Ba zan ɓoye muku ba, na raina kaina. Babu hanya, sai tsaguwa nan da can inda yatsa zai shiga. Fatar tafin hannuna ta sale, ƙafar da ta karye ta riƙa kiran sunana. Ina manne kamar jemage sai ga manya suna wuce ni a kan ƙadangarunsu, da laima da mafici. Sarkin Turare ya leƙo ya ce, “Sannu da himma, samari! Allah ya kai ka lafiya!” Na buɗe baki in amsa masa da abin da ya dace, na tuna ina bukatar numfashin.

Rana ta take tsaka na jefa ƙirjina a ƙololuwar dutsen. Wani fili ne shimfiɗaɗɗe, an kewaye shi da gajeren bango, an ɗaure ƙadangaru a waje. A ciki tukwane ne jere, wasu kamar randa, wasu kamar kasko, kowace da mai ita zaune a gefe yana fifita. Magajiya Kilishi, wata doguwar dattijuwa mai ƙarancin magana, tana zaune a kan buzu. Na ja jiki zuwa wata babbar tukunya da aka zana wa sanda a ciki, na zauna na jingina da ita.

Ma'aji ya miƙe da taɓaryarsa. Ya ce giɓin bana babba ne, fasa ƙananan tukwane ba zai toshe shi ba, sai dai babba guda ta tafi. Ya taho kai tsaye wurin da nake, da alama bai yi zaton ganin kowa ba. Ya yi turus.

“Baƙo, me kake yi a nan?”

“Zama, ranka ya daɗe. Na ci daga tukunyar nan tun ranar da kogi ya kawo ni. Unguwa guda shaida ce.”

Aka fara gunaguni. Sai Sarkin Turare ya tashi yana gyara riga, ya ce, “Ranki ya daɗe, a duba mini ƙwaurin mutumin nan. Dutsen da ni ban taɓa hawa da ƙafa ba, shi ya hau. Wannan ne gajiyayye? In irinsa ne ke cin rabon, ashe ƙarti muke ciyarwa. Ya zo ya kare tukunya, sai ya tona mata asiri.”

Majalisa ta ɗauka, “Gaskiya ne! Gaskiya ne!”

Na ji kaina ya yi zafi. Na ce, “Ranki ya daɗe, a taimake ni in gane. In ba wanda ya hau, a fasa, don sun yafe. In wani ya hau, a fasa, don ba gajiyayye ba ne. To ta wace hanya tukunyar nan za ta tsira?”

Magajiya ta dube ni ta ce, “Baƙo, al'adar da ta zaunar da ni a nan ita ta ba Ma'aji taɓarya. Ba na son a fasa. Amma ba ni da bakin hanawa sai da hujja daga cikin al'ada.”

Ma'aji ya ce, “Matsa, samari, kada tsingaro ya same ka. Wallahi raina ba ya so.” Ya ɗaga taɓarya.

Na juya kai don kada in gani, sai idona ya faɗa kan wata tukunya a can kusurwa, wadda ta fi tawa girma, an shafe ta da jan kala, ba kowa kusa da ita. Na ce, “Dakata, ranka ya daɗe! Waccan fa? Ta wa ce?”

Ya ce, “Ta abincin ƙadangaru.”

“Ina mai zamanta?”

Aka yi dariya. Sarkin Busa ya ce, “Mu ne ke hawansu ai.”

Na ce, “Allah ya ba ka nasara, kai ke shan ƙwan da jiƙaƙƙen geron? Doka ta ce mai ci. Ga tukunya babba, ba mai ci kusa da ita. Masu ita sun yafe.”

Dariya ta tsaya. Kowa ya leƙa ta kan bango ya dubi nisan ƙasa. Sarkin Turare ya yi wuf ya ce, “Mai ci yana nan! A shigo da nawa!”

Aka kwance babban ƙadangarensa aka jawo shi, yana jan wutsiya, masu ƙananan tukwane suna rungume nasu. Aka tsayar da shi gefen jar tukunya. Sarkin Turare ya tsaya gabansa ya ɗaga murya don kowa ya ji. “Kai ne mai ci daga tukunyar nan?”

Ƙadangare ya miƙe ƙafafun gaba, ya gyaɗa kai.

“Kun gani! Ya amsa! Ma'aji, ka shaida?”

Ma'aji ya ce, “Na shaida. Majalisa ta shaida?”

Suka ce, “Mun shaida!”

Na ce, “Ranki ya daɗe, tunda an karɓi shaidarsa, a ba ni izini in yi masa tambaya ɗaya.”

Na ga gefen bakin Magajiya ya motsa. Ta ce, “Yi.”

Na ɗingisa na tsaya gaban ƙadangaren, kansa kaɗai ya kai turmi. Na ce, “Malam ƙadangare, kai da 'yan'uwanka kun iya kamun fara a dutse tun kafin a haifi fada. Kun yafe tukunyarku a bar wa tsofaffi tasu?”

Ya dube ni da ido ɗaya. Ya miƙe ƙafafu. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya ƙara.

Sarkin Turare ya yi tsalle. “Ai haka yake yi wa kowa! Ko me ka tambaye shi haka zai yi! Dabba ce!”

Magajiya ta ce, “Ɗazu da ka tambaye shi ba dabba ba ce? In gyaɗa kansa ba magana ba ce, tukunya ba ta da mai zama. In magana ce, ya yafe. Zaɓi wadda ka fi so.” Ta juya. “Ma'aji, hannunka ya gaji da riƙon taɓarya. Sauke ta.”

Ƙarar fashewar jar tukunya har gari an ji ta. A al'adarsu, abin da aka fasa wa tukunya ya fita daga hannun hukuma nan take, don haka aka cire sirdi aka kwance linzami. Ƙadangaru suka watse cikin tsaguwar dutse ko waiwaye babu. Saukowar manyan Zarangi kuwa, da na ga dama da na kwana ina ba ku labarinta. Da mazaunai suka sauko, suna kiran iyayensu. Ni na riƙe wa Ma'aji hannu a wurare masu santsi, yana ta cewa, “Kada ka sake ni, ɗan'uwa, kada ka sake ni.” Kafin mu taɓa ƙasa majalisa ta roƙi Magajiya da murya ɗaya a sauko da tukwane gindin tsamiyar kasuwa, don ba mai sake hawa wannan dutse. Ta amince.

Unguwa ta tarye ni da guɗa. Na kwanta kwana da kwanaki ƙafa a kumbure, amma raina fari ƙal. Na ce na sami ilimin da na fito nema.

Wata ya tsaya, jakuna suka shigo. Na raka Goggo layi. Mai awo ya cika mudu ya juye mata a ƙwarya, adadin da aka saba, bai rage ko ɗaya ba. Ta ɗaga ƙwaryar, ta jijjiga ta, ta sa hannu ta shafa geron.

Ta ce, “Jatau, hannuna ne ya yi ƙarfi, ko mudun ne ya yi rashin lafiya?”

Na karɓi mudun na duba. Sabo ne fil, an sassaƙa shi da kyau, gindinsa ya yi kauri kamar tafin raƙumi. Ban tsaya sallama ba, na ja ƙafa sai gidan Ma'aji. Na same shi an miƙe masa ƙafafu ana shafa musu man zafi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, mudu ya rame.”

Ya ce, “A'a, ɗan'uwa! Zauna, a kawo fura. Tukunya tana nan, ba a taɓa ta ba, kai shaida ne. Awo nawa ake ba su a da? To haka aka ba su yau. Mudu kuwa ba shi da tukunya, ba wanda ya yi maganarsa.”

“Abin da aka rage fa, ina ya tafi?”

Ya nuna ƙafafunsa. “Manya sun ji jiki a bakin aiki. Man zafi ba kyauta ake samunsa ba. Ga kuma takalma.”

Na nemi kalmar da zan faɗa wadda ba za ta kai ni gidan yari ba, ban samu ba. Na fita na bar furar.

Da na koma na tarar Goggo ba ta ɗaki. Maƙwabta suka ce ta sa an ɗaukar mata kujerarta an nufi kasuwa. Na same ta a gindin tsamiya, inda aka jera tukwanen da aka sauko da su. Ta dasa 'yar kujerarta jikin tukunyar gajiyayyu, ta jingina, sandarta a kan cinya. Makafi biyu da wani gurgu sun riga sun shimfiɗa tabarma kusa da ita, wasu na tafe.

Na ce, “Goggo, ai Fasa Tukwane sai baɗi, in ma za a yi.”

Ta ce, “Na sani. Wuri nake kamawa.”

“Shekara guda za ki yi a nan?”

“Ina da wani aiki ne? Da can sun ce ba su gan mu ba. Yanzu duk mai zuwa sayen barkono sai ya tsallake ƙafata.” Ta laluba ta kama hannuna ta ja ni ƙasa. “Zauna ka huta da ƙafar nan. Ka yi naka hawan. Maganar mudu kuma ka bar mini. Ma'aji ta nan yake bi zuwa fada, yanzu kuwa a ƙasa yake tafiya kamar kowa, kuma ɗingishi yake yi. Ba zai tsere mini ba.”

Ba ta rufe baki ba sai ga shi ya ɓullo daga layin masu gishiri, yana taka ƙasa a hankali. Gurgun ya ce, “Goggo, ga shi nan.” Ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙa sandarta ta tare hanya.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa tsingaro. Ba don gizo ba da kun ce na shara ta, wanda kuma ya ce na shara, ga hanyar Zarangi nan, ya tafi da mudunsa.